Yadda iyaye a Amurka za su zaɓi matsayin haraji idan babban ɗa yana zaune a gida

Duk shekara, daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Afrilu, nakan zauna da mutanenmu mazauna Amurka muna cike takardun haraji, kuma tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ta babban ɗa ko babbar 'ya da ke zaune a gida. Yaro ya kai shekara 22 ko 27, ɗakinsa na nan, tukunya ɗaya ake ci, kuɗin wayarsa ma uban ne ke biya. Sai uba ya gyara zama ya ce, “Ai ni nake ciyar da shi, ka sa shi a takardata, ka rubuta ni shugaban gida.” Wani lokaci yana da gaskiya, wani lokaci kuma lissafi ya ƙaryata shi. Abin da hukumar harajin Amurka, IRS, take dubawa shi ne shekarun yaron, makarantarsa, abin da ya samu a shekarar, da wanda ya biya fiye da rabi.

Kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne. Ɗauki uwa marar miji da ta samu dala 48,000 a shekarar 2024. In ta cike a matsayin mutum ɗaya, wato Single a kan fom, za a zaftare mata dala 14,600 kafin a lissafa haraji, harajin ya kama wajen dala 3,776. In ta cancanci matsayin shugaban gida, wanda aka rubuta Head of Household, dala 21,900 za a zaftare, harajin ya sauko wajen dala 2,801. A ƙara rangwamen dala 500 na babban ɗan da take ɗauke da nauyinsa, bambancin ya tasam ma dala 1,500.

Abin da za ka tara kafin ka zauna

Katin Social Security na kowa a gidan, ko ITIN, wato lambar haraji da IRS ke ba wanda ba shi da lambar Social Security. Takardun samunka, W-2 ko 1099. Takardun samun yaron su ma, dukkansu, har da na ɗan aikin da ya yi wata biyu ya bari, da 1099-G in ya karɓi kuɗin rashin aiki. In ɗalibi ne, fom 1098-T na kuɗin makaranta, da wasiƙar makaranta mai nuna watannin da ya yi yana cikakken karatu. Yarjejeniyar haya da rasit, ko fom 1098 in bashin gida kake biya. Takardun wuta, gas da ruwa. Bayanan banki na wata 12. Wata takarda mai ɗauke da sunan yaron da adireshin gidanka, daga makaranta, asibiti ko wurin aiki. In yana da naƙasa, wasiƙar likita. Sai ɗan littafin IRS mai suna Publication 501, kyauta ne a shafinsu na intanet, kuma a cikinsa akwai jadawalin lissafi biyu da za mu yi aiki da su.

In W-2 ta ɓata, kai ko yaron kuna iya buɗe asusu a shafin IRS ku ciro bayanin albashin da aka kai musu. In hannu da hannu kake biyan haya, nemi mai gidan ya rubuta maka wasiƙa ya sa hannu. Rasit ɗin cefane kuwa babu mai ajiye na shekara guda. Duba abin da katinka ya nuna na wata uku, ka fitar da matsakaici, ka rubuta yadda ka yi lissafin.

Mataki na 1: Tantance aurenka a ranar 31 ga Disamba

Ranar ƙarshe ta shekara ita ce ma'auni. In kana da aure a ranar kuma kuna zaune tare, zaɓinka biyu ne kacal: ku cike tare, Married Filing Jointly, ko kowa ya cike nasa, Married Filing Separately. Matsayin shugaban gida ba naka ba ne, ko da kai kake biyan komai har gishiri. Kalmar ce ke ruɗa mu, don a wurinmu duk mai mata da 'ya'ya maigida ne. A wurinsu kuwa wannan matsayi na marar aure ne mai riƙe da gida. Kada ranka ya ɓaci, cikewa tare ta fi shi tsoka: dala 29,200 aka zaftare wa ma'aurata a 2024, dala 31,500 a 2025, kuma kuna iya saka babban ɗan a fom ɗinku in ya cika sharuɗɗan da ke tafe.

Auren da aka ɗaura a Kano ko Damagaram bisa ƙa'idar can, aure ne a nan. Sakin da aka furta a falo ba tare da takardar kotu ba kuwa, a idon IRS har yanzu da aurenku.

Akwai hanya biyu da mai aure zai samu a ɗauke shi kamar marar aure. Ta farko: abokin zamanka bai kwana gidan ba a wata 6 na ƙarshen shekara, ba don tafiyar ɗan lokaci ba, kai ka biya fiye da rabin kuɗin gidan, ɗanka ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara, kuma kana da ikon saka shi a fom ɗinka. Ta biyu ta fi shafar mutanenmu: matarka tana gida Najeriya, Nijar ko Gana, ba 'yar ƙasa ba ce kuma ba mazauniyar Amurka ba, ba ka kuma zaɓi a lissafa ta a matsayin mazauniya ba. A nan ana ɗaukarka marar aure wajen neman matsayin shugaban gida, sai dai ita matar ba za ta zama hujjarka ba. Dole akwai wani, kamar ɗan nan da ke ɗaki, wanda ya cika sharuɗɗa.

Wanda mijinta ko matarsa ta rasu, a shekarar rasuwar yana iya cikewa tare kamar da. Shekara biyu da ke biye, in bai sake aure ba kuma ɗan da yake ɗauke da nauyinsa ya zauna gidan duk shekara, akwai matsayin Qualifying Surviving Spouse mai ba da zaftarewa irin ta ma'aurata.

Mataki na 2: Gwada yaron a ƙofa ta farko

Ƙofa biyu ce yaro ke shiga fom ɗin iyayensa ta cikinta. Ta farko ita IRS ke kira Qualifying Child, kuma shekaru ne mabuɗinta. A ranar 31 ga Disamba, ko dai bai kai 19 ba, ko bai kai 24 ba kuma cikakken ɗalibi ne, ko kuma yana da naƙasa ta dindindin da ta hana shi aikin samun abin kansa, wanda a nan shekaru ba su da tasiri ko ya kai 40. Naƙasar sai likita ya tabbatar ta ɗauki shekara guda, ko za ta ɗauka, ko tana iya kai wa ga mutuwa.

Cikakken ɗalibi shi ne wanda makarantar ta lissafa haka a cikin wata 5 na shekarar. Ba sai watannin sun jeru ba, kuma ko kwana kaɗan ya yi a wata an ƙirga watan. Yarinyar da ta gama jami'a a watan Mayu ta samu Janairu zuwa Mayu, biyar ke nan cif. Wanda ke ɗaukar darasi ɗaya ko biyu da yamma bai shiga ba.

Sai ya zauna da kai fiye da rabin shekara. Zaman ɗakin kwanan ɗalibai ana lissafa shi zaman gida, haka kwanciyar asibiti. Sannan kada ya zama shi ya ɗauki fiye da rabin ɗawainiyar kansa. Lura da kyau, a wannan ƙofa babu iyakar abin da zai samu. Ɗalibi ɗan shekara 21 yana iya samun dala 12,000 a aikin hutu ya tara a banki, ba ta hana komai ba, don abin da ya kashe wa kansa ake ƙirgawa. Tallafin karatu da makaranta ta ba shi ba a lissafa shi cikin abin da ya yi wa kansa. Bashin karatu da ya ci da sunansa kuwa ana lissafawa, kuma nan ne da yawa ke zamewa: bashin dala 15,000 na iya rinjayar duk abin da iyaye suka kashe.

Kuskuren da na fi gani shi ne na shekara 26. Doka ta bar yaro a kan inshorar lafiyar iyayensa har ya kai 26, sai mutane su ɗauka haraji ma haka yake. Na haraji 24 ne, shi ma sai ga ɗalibi.

Mataki na 3: In ya faɗi, gwada ƙofa ta biyu

Wannan ita ce Qualifying Relative, kuma ta nan yawancin manyan 'ya'ya ke bi. Babu ruwanta da shekaru. Sharaɗi biyu ne ke da nauyi: kai ka ɗauki fiye da rabin ɗawainiyarsa, kuma duk abin da ya samu a shekarar bai kai iyakar da aka sa ba. Iyakar dala 4,700 ce a 2023, dala 5,050 a 2024, dala 5,200 a 2025. Tana motsawa duk shekara, don haka duba ta shekarar da kake cikewa.

Iyakar nan ba ta da sassauci. Wata Hajiya ta zo min da ɗanta mai shekara 26, wanda ya yi wata tara ba aiki, ita ke yin komai. Muka baje takardu a tebur. W-2 ɗinsa ta farko dala 3,900, muka yi murna. Can ƙasan jaka sai ga wata, ta wani kanti da ya yi wa aikin ƙarshen shekara, dala 1,300. Jimla 5,200, iyakar shekarar kuma 5,050. Ta dube ni ta ce, “Malam, saboda dala 150?” Na ce, “Hajiya, ko dala ɗaya ce.” Ta cike a matsayin mutum ɗaya a shekarar. Ba ta ji daɗi ba, amma da mun rufe ido, kwafin takardun biyu na hannun IRS tun kafin ta zo.

Abin da ake ƙirgawa shi ne kuɗin da haraji ke hawa kansu kafin a cire komai. Kuɗin rashin aiki na ciki. Mai kai saƙon abinci ko mai jigila da manhajar waya, abin da ya shigo masa ake dubawa, ba ragowar bayan an cire mai da gyaran mota ba. Tallafin SSI, wanda gwamnati ke ba masu naƙasa da tsofaffi marasa ƙarfi, ba ya ciki, don ba a biyan haraji a kansa. Kyautar da kawunsa ya ba shi ba ta ciki.

Na taɓa jin uba yana cewa ɗansa ya ajiye aiki a Oktoba don kada ya haye iyaka. Ban goyi baya ba. Albashin wata biyu ya fi abin da za a tsira da shi, balle kuma yaro ya saba da zama.

Sharaɗi biyu kuma sun hau kan ƙofofin duka. Yaron ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Ɗanka da ke Zariya ko Maraɗi, wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba, ko kai ke aika masa kuɗin makaranta da na abinci duk wata, ba ya shiga. Sannan in ya yi aure ya cike tare da matarsa, ba za ka saka shi ba, sai in sun cike ne kawai don karɓo abin da aka yanke musu a albashi.

Mataki na 4: Lissafa ɗawainiyar yaron

Ɗauko jadawalin ɗawainiya na Publication 501. Da farko tara kuɗin gidan gaba ɗaya ka raba da yawan mutanen ciki. Misali uwa da ɗa su biyu: haya dala 1,500 a wata, 18,000 ke nan a shekara, wuta da gas 2,400, cefane 7,200. Jimla 27,600, kason yaron 13,800. Sai a ƙara abin da aka kashe a kansa shi kaɗai: sutura 600, waya 480, kuɗin mota 900, asibiti 720, wato 2,700. Ɗawainiyarsa ta shekara ta zama 16,500, rabinta 8,250. Ya samu dala 4,300, ya kashe 2,000 a kan kansa, sauran na banki. Uwa ta ɗauki 14,500, ta wuce rabi nesa ba kusa ba.

In gidan naka ne, a wannan jadawalin ba abin da kake biyan banki za ka sa ba. Kuɗin da za a yi hayar gidan da shi a unguwarku za ka rubuta. Tallafin abinci ko na haya daga gwamnati yana shiga jimlar ɗawainiya, amma ba a rubuta shi a matsayin naka. In yaron na ba ka wani abu duk wata na haya ko cefane, wannan nasa ne, ka cire daga naka.

In ku da yawa kuka haɗa hannu, kamar uwa da yayyensa biyu, babu wanda ya kai rabi shi kaɗai, akwai fom 2120. Duk wanda ya ba da fiye da kashi 10 cikin 100 yana iya saka yaron in sauran sun yarda a rubuce. Sai dai wannan hanyar ba ta ba da matsayin shugaban gida.

Mataki na 5: Lissafa kuɗin riƙon gida

Wannan lissafi daban ne, kada ka haɗa su. Tambayar ita ce, kai ka biya fiye da rabin abin da gidan ya ci? Ana sa haya, ruwan bashin gida, harajin gida, inshorar gida, gyare-gyare, wuta, gas, ruwa da abincin da aka ci a cikin gidan. Ba a sa sutura, kuɗin makaranta, asibiti, mota, tafiya gida hutu, ko ladan girki da share-share da kake yi da hannunka. Inda ake samun matsala shi ne gidan da aka haɗa haya da ƙane ko aboki, kowa rabi. Rabi daidai bai isa ba, sai ka haura.

Mataki na 6: Yanke matsayin

Ba ka da aure ko ana ɗaukarka marar aure, ka biya fiye da rabin kuɗin gida, yaron ya bi ta ɗaya daga ƙofofin, kuma ya zauna da kai fiye da rabin shekara: shugaban gida. Zaftarewar 2025 dala 23,625 ce, ta mutum ɗaya kuma 15,750. In ya faɗi a ƙofofin biyu, duba ko akwai wani a gidan kafin ka haƙura. Ƙanwarsa 'yar shekara 15 ta isa ta ba ka matsayin. Mahaifiyarka ma tana iya ba ka, ko ba gida ɗaya kuke ba, in tana cikin waɗanda kake da ikon sakawa a fom kuma kai ke biyan fiye da rabin kuɗin inda take zaune. In babu kowa, mutum ɗaya za ka rubuta.

Iyayen da suka rabu, yaron da ya bi ta ƙofa ta farko na wanda ya fi daɗewa a gidansa ne. In kwanakin sun zo ɗaya, na wanda ya fi samu ne. Mutum biyu ba sa cin matsayin da yaro ɗaya.

Akwai wata dabara da wasu masu cike takardu ke sayar wa mutanenmu: miji da mata suna gida ɗaya, a raba musu 'ya'ya, kowa a rubuta shi shugaban gida. Wani direban tasi ya kawo min wasiƙar da ta biyo bayan irin wannan. Shekara biyu aka bi shi, ya mayar da kuɗin da ruwa a kai, wanda ya cike masa kuma bai ko sa hannu a fom ɗin ba. Duk mai karɓar kuɗi ya cike maka dole ya sa hannu ya rubuta PTIN, lambar da IRS ke ba masu cike wa mutane takardun haraji. In ya ƙi, tattara takardunka. Wanda aka samu ya karɓi rangwamen 'ya'ya da gangancin ƙin bin ƙa'ida ana hana shi shekara 2, in zamba ce shekara 10.

Mataki na 7: Ku daidaita da yaron kafin kowa ya aika

Yaron na iya cike nasa fom ɗin, ya ma kamata in an yanke masa haraji a albashi, kuma wajibi ne in ribar aikin kansa ta kai dala 400. A kan fom 1040 akwai ɗan akwati da ke cewa wani na iya saka shi a takardarsa. Dole ya yi masa alama. Yaran nan sukan cike a waya tun farkon Fabrairu, cikin minti goma, ba su gaya wa kowa ba. Kai kuma ka aika naka a Maris kwamfuta ta dawo maka da shi, wai an riga an yi amfani da lambar Social Security ta yaron. In haka ta faru, shi ya gyara nasa da fom 1040-X. Kai kuma ko ka buga naka a takarda ka aika ta gidan waya, ko ka nemi lambar kariya mai alƙaluma 6 da ake kira IP PIN a shafin IRS ka sake aikawa ta intanet da ita. Ta takarda tana ɗaukar lokaci sosai, ni ta biyun nake bi.

Mataki na 8: Kwashi rangwamen da ke biye

Rangwamen ƙananan yara ya tsaya ga wanda bai kai 17 ba. Babban ɗa na dala 500 yake kawowa, ana lissafa shi a Schedule 8812, kuma harajin da ke kanka kawai yake ragewa, ba a miƙo maka shi a hannu in babu haraji. In ɗalibi ne a shekaru huɗu na farkon jami'a, fom 8863 na iya ba ka har dala 2,500, kuma wanda ya saka yaron a fom shi ke ɗauka, ko da yaron ne ya biya kuɗin makarantar. Rangwamen masu ƙaramin albashi, EITC, sai yaron da ya cika sharuɗɗan shekaru da zama irin na ƙofa ta farko. Wanda ya bi ta ta biyu ba ya ƙara maka komai a nan. Ma'auratan da suka cike daban-daban sukan rasa na makaranta gaba ɗaya. In inshorar lafiyarku ta kasuwar gwamnati ce, fom 1095-A zai zo, kuma saka yaron ko cire shi yana canza lissafin tallafin inshorar a fom 8962, kada ka tsallake shi.

Mataki na 9: Aika, ajiye, gyara na baya

Wa'adi 15 ga Afrilu ne. Fom 4868 na ɗaga maka aikawa zuwa 15 ga Oktoba, amma in ana binka kuɗi, biyan na Afrilu ne. In ba ka da halin biyan mai cikewa, nemi cibiyar VITA mafi kusa, a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa ake yi, kyauta ga masu ƙaramin samu da matsakaici. Ka tafi da yaron da takardunsa a rana ɗaya.

Jadawalin nan biyu ba a aika su da fom. Haɗa su da rasit, wasiƙar makaranta da shaidar adireshi a ambulan ɗaya, rubuta shekarar a baya, ka ajiye aƙalla shekara 3. Sannan ciro takardunka na shekarun baya ka gwada su da waɗannan matakai. In ka ga ka cike a matsayin mutum ɗaya alhali ka cancanci shugaban gida, fom 1040-X na dawo maka da bambancin muddin ba a wuce shekara 3 da aikawa ba. Kowace shekara da nata fom ɗin, da tata iyakar samun yaron.